Sanda A Gicciye: Kalmar "Crossbar" Ta Turanci Da Takwarorinta A Hausar Gusau, Tsafe Da Bunguɗu

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin fassara ya san irin wahalar da ƙananan kalmomi ke bayarwa. Manyan kalmomin nahawu da na adabi suna da masu kula da su, an yi tarurruka a kansu, har an tattara su cikin ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Amma kalmar da ke nufin wani guntun itace ko ƙarfe, ita ba wanda ya taɓa kiran taro dominta, sai ranar da ta faɗo cikin jarrabawa, ko cikin labarin da za a karanta a rediyo nan da minti goma, sa'an nan a ga gumi.

Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi, watau "crossbar" ta Turanci, ta bi wuraren da Turawa suka kai ta, sa'an nan ta dawo gida ta duba yadda mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke kiran abubuwan da ta ƙunsa. Abin da nake so in tabbatar shi ne, Bature ya dubi siffar abin ne ya raɗa masa suna ɗaya, Bahaushe kuwa ya dubi aikin da abin ke yi, saboda haka ya ba kowanne sunansa. Mai fassarar da bai lura da wannan ba zai yi ta neman kalma ɗaya tilo, ba kuwa zai same ta ba.

2.0 Kalmar A Gidansu

Kalmar harɗaɗɗiya ce, daga "cross" da "bar". Ta farkon asalinta Latin ne, sunan itacen da Romawa ke gicciye mutane a kai, daga baya ta zama tana nufin duk abin da ya ratsa wani. Ta biyun kuwa daga tsohon Faransanci ta shigo, ma'anarta dogon itace ko ƙarfe da ake tare hanya da shi. Ita kanta "bar" ta yi yawo ƙwarai. Shingen katako da ke raba alƙali da lauyoyi daga 'yan kallo a kotunan Ingila shi ya ba lauyoyi sunan da muka ara muke cewa barista, kantar da mai sayar da giya ke tsayawa bayanta kuma ta ba mashaya sunanta. In aka haɗa kalmomin biyu, sai a sami sanda wadda ke kwance a gicciye, galibi tsakanin abubuwa biyu da ke tsaye.

Inda jama'armu suka fi jin kalmar shi ne filin ƙwallon ƙafa. Sa'ad da aka kafa hukumar ƙwallo ta Ingila a 1863, turaku biyu kawai ake kafawa, ba kome a samansu, ko ƙwallo ta bi ta kan bishiya, muddin dai tsakanin turakun ta wuce, ci ne. A 1866 aka fara ɗaura igiya tsakaninsu, a 1875 aka yarda da sanda, a 1882 aka wajabta ta. Yau doka ta ce tsakanin turke da turke mita 7.32 ne, daga ƙasa zuwa cikin sandar kuwa mita 2.44, ko a Wembley ko a filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau. Wanda bai ga amfanin wannan sanda ba, ya tsaya ya kalli yara na ƙwallo a lungu, sun ajiye takalma biyu a matsayin raga. Rabin wasan gardama ce, wannan ya ce ta shiga, wancan ya rantse ta haura kan mai tsaron gida. Ko da sandar ma gardama ba ta ƙare ba. Ƙwallon da Geoff Hurst ya buga a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1966, tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma, ta bugi sandar ta faɗo ƙasa, aka ce ta shiga, har yau Jamusawa ba su yarda ba.

To, a lura da wannan. A ƙwallon ƙafa, sai ƙwallo ta bi ta ƙarƙashin sandar ake ci. A wasan zari-ruga, sai ta bi ta samanta. A wasan tsallen sama, an ɗora sandar ne sako-sako domin ta faɗi da zarar an shafe ta, alhali wadda ke bayan ƙofa an sa ta ne domin kada ta motsa ko an yi ta bugu. Ƙarfen da ya haɗa sirdin keke da kan keke riƙe jikin keken yake yi. Ɗan layin da ke ratsa harafin t ko f, ko ya haɗa ƙafafun A da H, bambanta harafi da harafi yake yi. Har wata na'urar haɗa layukan tarho da kamfanin Bell ya fara aiki da ita a birnin New York a 1938 an ba ta wannan suna, don kawai ƙarafan cikinta sun gitta juna. Ayyuka ne da ba abin da ya haɗa su, wasu ma kishiyoyin juna ne, amma duk suna ɗaya, domin siffar ɗaya ce.

3.0 A Gida

Mu fara da ƙofa. Itace ko ƙarfen da ake zurawa a bayan ƙyaure, ko gambu kamar yadda ake cewa a Hausar yamma, sunansa sakata. A kan sa sakata, a kan danna ta, a kan zare ta. In aka jingina itace ne a karkace ya tokare ƙyauren, ya tashi daga sakata ya zama madogara, kalmar da mu ɗalibai muka ɗauko muka liƙa wa littattafan da muke kafa hujja da su a ƙarshen kundi. Abin da ya gitta ƙofa ta ƙasa kuma dokin ƙofa ne, wanda iyaye ke hana yara zama a kai. Abubuwa uku ke nan a ƙofa ɗaya, ba wanda ya ari sunan wani.

In aka ɗaga kai sama a soron gargajiya, azara za a gani, watau giginyar da aka tsaga aka jera ta daga bango zuwa bango ta ɗauki nauyin rufin ƙasa. Magina sun zaɓe ta ne domin gara ba ta cin ta da sauƙi, sun kuma san iyakarta, ba a cika barin ta ta ratsa fili fiye da mita 2 ba sai an tallafe ta, shi ya sa manyan soraye ke bukatar ginshiƙi ko bakan gizo. A fita bayan gida kuma, inda aka yi danga ko darni, ga tanka, karan dawa ko tsumagun da ake ɗaurawa a kwance su riƙe na tsaye kada iska ta kwantar da su. A rumfa, itacen da ke kwance yana kan bakin dirka ne ko gwafa. Azara ɗaukar nauyi take yi, tanka ɗaure take yi, sakata hana shiga take yi. Mutumin Bunguɗu da zai ji an ce a miƙo azarar ƙofa ana nufin sakata, dariya zai yi.

A gona ma haka abin yake. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 da aka fara yaɗa noma da shanu a Arewa, ƙasar Gusau da Tsafe, ƙasar auduga da gyaɗa, ta rungumi garmar shanu, itacen da ake gittawa a wuyan bijimai biyu kuwa karkiya ne. A bakin doki, ƙarfen da ya gitta linzami ne. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Gusau ta zarce Ƙauran Namoda a 1929, ta zo da wani sabon abu mai kwanciya a gicciye, watau ƙarfen da ake shimfiɗa dogo a kai. Bahaushe bai ce masa azarar jirgi ba, sai ya sami sunansa na kansa, kwangiri, maƙera kuma suka gano tsohonsa na yin garma mai ƙwari. Abin sha'awa, shi Baturen ma a nan bai kira shi "crossbar" ba, ko da yake siffar ta dace. Ashe ko a gidansu kalmar tana da inda ta tsaya, kuma al'ada ce ta tsayar da ita, ba hankali ba.

Wani zai ce, ai muna da gicciye. Gaskiya ne, amma tun da aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wannan kalma a matsayin suna ta kama gida a addinin Kirista. In mai sharhin wasa ya ce ƙwallo ta bugi gicciye, hankalin mai sauraro zai bar fili ya tafi coci. Wani kuma zai ce sanda. Ita kuwa sanda kayan da ke kanta sun yi mata yawa: ga ta makiyayi, ga ta rake, ga ta sabulu, ga ɗan sanda, ga sandar girma irin wadda ke hannun Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu. Kuma ba kome cikin kalmar da ke nuna kwance take ko tsaye.

A nan ne, a ganina, asirin al'amarin yake, kuma na nahawu ne. Turanci ya cusa ma'anar gittawa cikin suna. Hausa kuwa ta ajiye ta cikin aikatau. Muna da gitta, da gilma, da gicciya, da gindaya, da ratsa, da kara, kowanne da ɗanɗanonsa. A kan gindaya gungume a hanya domin a tsayar da mota, daga nan aka sami gindaya sharaɗi. Abu ya kan gilma ta gaban mutum ya wuce, bai tsaya ba. Saɓani ya kan gitta tsakanin aminai. Bafillace ya kan gicciya sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa. A kan kara itace a bakin garke. Saboda haka sau da yawa fassarar da ta fi dacewa da wannan suna na Turanci ba suna ba ce sam, jimla ce mai aikatau. "Suka gindaya ƙarfe a bakin ƙofar" ta fi kowace ƙirƙirarriyar kalma daɗin ji, ta kuma fi ta isar da saƙo.

4.0 Jigo Da Turke

Kada a ɗauka Hausa ba ta san miƙa kalma ɗaya zuwa wurare da yawa ba. Ta sani sarai, sai dai ta hanyar aiki take bi. Babu misalin da ya fi jigo, kuma ya cancanci a daɗe a kansa domin kullum yana bakinmu a wannan sashe.

A fadamun Gulbin Sakkwato, ta wajen Gusau da Bunguɗu, kafin injin ban ruwa ya yaɗu daga shekarun 1980 zuwa 1990, da jigo masu lambu ke ɗebo ruwa. A kan kafa itatuwa biyu masu baki, a gitta wani gajere a kansu, a ɗaura dogon itace a jikin gajeren yadda zai riƙa sunkuyawa yana ɗagowa. A gindinsa a manna curin laka mai nauyi, a kansa a rataya guga ko ƙwarya. Mai lambu ya ja ƙasa, nauyin laka ya ɗago masa ruwa, ya juye a kwalbatin da zai kai shi fangali. Shi wannan gajeren itace na tsakiya shi ne "crossbar" tsantsa a idon Bature. Bahaushe kuwa abin da ya tsaya masa a rai shi ne na'urar gaba ɗaya, da yadda lambun duka ya rataya a kanta. Daga nan aka sami jigon jam'iyya, mutumin da in ya janye tafiya ta tsaya. Daga nan kuma manazarta adabi, musamman Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, suka tsayar da jigo a matsayin saƙon da waƙa duka ta rataya a kansa. Ba kamannin da ke tsakanin ɗan siyasa da itacen fadama, aikin ne ɗaya.

Shi kuwa Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, da ya zo ga waƙoƙin makaɗa sai ya zaɓi turke. Zaɓin ya yi ma'ana. Turke itace ne da ake kafawa a ɗaure dabba, ta yi ta kewaye, ta je nan ta je can, amma igiya na dawo da ita. Haka makaɗi ke yi, ya yi yabo, ya yi zambo, ya yi habaici, ya taɓa tarihi, sa'an nan ya komo inda aka ɗaure waƙar. Ga masana biyu sun bukaci kalmar fannu, ɗaya ya tafi lambu, ɗaya ya tafi garke, babu wanda ya tafi Ingila.

Irin wannan ne ya faru da sirdi, da ya sauka daga doki ya hau keke da babur, da linzami da ya koma jikin makami mai linzami, da takunkumi da ya bar bakin raƙumi ya shiga siyasar duniya, da karkiya da ake cewa al'umma ta fita daga ƙarƙashinta. A keke an ari birki da feda da kariya da taya, amma wurin zama ya sami suna a gida domin akwai abin da ke wannan aiki tun kafin keke ya zo. Ƙarfen tsakiya kuwa, wanda ake ɗora yaro a kai, ko ƙaramin yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashinsa ya tuƙa keken babansa a karkace, Bahaushe ya fi lura da shi ranar da babu shi, sai ya ce wannan keken mata ne.

Shi turken nan ya shiga filin ƙwallo, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Sau da yawa a kan ji mai sharhi ya ce ƙwallo ta bugi turke, ko ta gefe ta buga ko ta sama. Na gefe turke ne babu shakka, kafe yake a ƙasa. Na sama kuwa ba a kafa shi ba, ɗora shi aka yi, kuma ga mai sauraron rediyo a Kwatarkwashi wanda ba ya ganin fili, bambancin ba ƙarami ba ne, domin bugun da ya yi sama da wanda ya yi gefe ba kuskure ɗaya ba ne. Masu cewa ƙarfen sama sun fi kusa da gaskiya. In da ni za a tambaya, azarar raga zan ce, tun da tana kan turaku biyu ne tana ɗauke da nauyin raga, aikin azara ke nan daidai. Amma kalma ba ta zama sai 'yan kallo sun karɓe ta, kuma gidajen kallon ƙwallo na Gusau ba sa jiran izinin sashen Hausa.

5.0 Ɗan Layin Da Ke Kan Harafi

Saura ma'anar da ta fi shafar mu masu alƙalami. A rubutun hannu, abin da ya raba t da l ɗan layin nan ne kawai. A Hausa kuwa wannan ba wasa ba ne. A manta da shi, tafiya ta zama lafiya, ko a bakin mutanen Zamfara tahiya ta zama lahiya. Taya ta koma laya, tada ta koma lada. Wasiƙar da aka rubuta "Baba ya yi tafiya" za ta isa ana karanta wani labari dabam. Nauyinsa ɗaya da na ƙugiyar da ta raba sanda da sanɗa, ko kafa da ƙafa. Amma ƙugiya ta sami suna a littattafan ƙa'idojin rubutu, shi kuwa wannan layi malamin firamare sai dai ya nuna da alli ya ce a ja masa abin nan.

Magabatanmu na makarantar allo ba su bar baƙaƙensu haka ba. Sun dubi kowane harafi sun ba shi laƙabi da Hausa: ba guje, lam ara, lam jaye, nun guda, ha kuri, kaf lasan. Waɗanda suka tsara alamomin rubutun boko ma sun bi sawu. Sun ɗauko aya da waƙafi daga karatun Alƙur'ani, suka ce ruwa biyu, suka ce baka biyu. Mafi armashi ita ce karan ɗori, ɗan layin da ke haɗa kalmomi biyu, wanda aka aro daga karan da maɗori ke ɗaurawa a karaya har ƙashi ya haɗu. Wanda ya raɗa wannan suna ya san maɗori, ya kuma san nahawu.

Bisa wannan tafarki nake ba da shawarar a kira layin da ke ratsa t da f, da wanda ke haɗa ƙafafun A da H, tankar harafi. A dubi babban H da kyau, kara biyu ne a tsaye da tanka a tsakiya. Malami zai iya cewa yaro, ka manta tankar t, ko kuma tanke ta, yaron da ya taɓa taya babansa gyaran danga kuwa ba ya bukatar ƙarin bayani. Za a ce akwai aikatau tanka, na amsa magana, kuma a rubuce kamarsu ɗaya. Haka ne, amma jimla na raba su, kamar yadda take raba gari na zama da gari na tuwo ba tare da kowa ya rikice ba.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce yaron da ya san tanka yana ƙaranci. Bulo da kwano sun kori azara daga sababbin unguwannin Gusau, kwaɗo da makulli sun rage wa sakatar itace daraja, inji ya kwantar da jigo. Akwai ɗalibai a ajinmu da ke rubuta shafi goma kan jigon waƙa, ba su taɓa ganin jigon lambu ba, saboda haka kalmar ta zame musu baƙuwa kamar ta Turanci, haddace ta kawai suke yi. Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya addabi karkarar Zamfara fiye da shekara 10 ya tayar da ƙauyuka da dama a ƙasar Tsafe da Bunguɗu, masu jinka da magina da masu sassaƙa karkiya da yawa sun baro sana'arsu sun dawo gari. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana mana kalmomi masu yawa na waɗannan sana'o'i, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya ƙara, amma ƙamus ba ya nuna maka inda ake ɗaura igiya.

Su waɗannan dattawa suna nan cikin garin Gusau, wasu ba su fi tafiyar ƙafa daga ɗakunan kwananmu ba. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri na farko zai iya zama da mutum uku, magini da mai jinka da tsohon mai lambu, ya zana musu soro da tsaiko da jigo a takarda, ya sa yatsa kan kowane itace da ke kwance ya ce, "Baba, wannan fa, me kuke ce masa?" Ya rubuta sunan, da garin da mai maganar ya fito, da aikatau ɗin da ya yi amfani da shi wajen ɗora itacen.